Maganin da Ya Dame Ka, Gaban Likita Za Ka Kai Ƙararsa

Ɗana, da kai nake, kai da ka baro Tawa ko Maraɗi ko Katsina ka sauka Abijan neman na kanka, kake kwana a Biyafara ko a wani lungu na Adjamé, aka auna jininka aka ce akwai HIV, aka miƙo maka kwalba aka ce ƙwaya ɗaya kullum har iyakar rai. Da ke ma nake, 'yata, da aka gaya miki wannan magana ranar da kika je awon ciki. Ba zan tambaye ku yadda aka yi ba. Wannan tsakaninku da Ubangijinku ne, da yawa ma ba su da laifin komai a ciki. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kwalbar nan, da abin da ke samunta bayan sati biyu ko wata uku, lokacin da magani ya fara taɓa jiki, mutum ya cusa ta ƙarƙashin katifa bai gaya wa kowa ba.

Bari in fara ba ka gaskiyarka: ba raki kake yi ba. Maganin yana da nauyi a farkonsa. Wani tashin zuciya yake sa shi, wani ciwon kai, wani cikinsa ya ɓaci ya yi ta zaryar bayan gida, wani barci ya ƙaurace masa har a kira assalatu idonsa biyu. Wanda aka ɗora a kan maganin da ake kira efabirenz kuwa ya fi kowa sanin jiri da munanan mafarkai, ya tashi da safe yana tangaɗi alhali bai taɓa kurɓar giya ba. Akwai waɗanda suka ɗauka jifa aka yi musu ko iska ce ta shafe su, aka yi ta hayaƙi da ruƙiyya, alhali abin da suka haɗiya da dare ne ke aikinsa. Hanta ce ke narkar da wannan magani, kuma a cikin baƙar fata akwai da yawa da hantarsu take narkar da shi a hankali, gado ne, sai ya taru a jini ya hau kai. Maiƙo kuma ƙara masa shiga jini yake yi. Ka ci garba, abincin rogon nan, da soyayyen kifinsa, mai yana tsiyaya a yatsunka, ka kora da efabirenz, to kai da kanka ka ƙara wa jirin ƙarfi. Shi ya sa ake cewa a sha shi lokacin kwanciya, ba a kan abinci mai maiƙo ba. To amma maigadi fa, wanda darensa ne ranarsa? Mai tsire fa, da ke tsaye gaban wuta da wuƙa a hannu har biyun dare? Likita ba shi da duba. Ba zai san sana'arka ba sai ka faɗa masa, sannan ya san lokacin da zai sa maka ko maganin da zai sauya maka.

Yawancin waɗannan damuwoyi na farko sukan lafa cikin sati biyu zuwa huɗu. Mutane da dama kwana kaɗan ya rage su tsallake sai su ajiye.

Tsoron da ke yawo a unguwa yana da asali, ban raina shi ba. A 1990 masu binciken shirin RETRO-CI, da ɗakin gwajinsu ke cikin babban asibitin koyarwa na Treichville, suka wallafa cewa sida, wato ƙanjamau, ce kan gaba wajen kashe maza baligai a Abijan. A lokacin babu magani a nan, sai addu'a da likkafani. A Disambar 1997 aka yi babban taron Afirka kan wannan cuta a nan Abijan, Jacques Chirac na Faransa ya tsaya ya nemi a kafa asusun sayen magani don ƙasashe matalauta. A 1998 aka fara bayarwa, da kuɗi, kuma mai ƙaramin ƙarfi bai iya ba; sai a 2008 gwamnatin Kodebuwa ta mayar da shi kyauta. Magungunan wancan zamani sun ceci rayuka, amma sun bar tabo. Wanda ake kira d4T yana zuƙe kumatu, ya tsotse naman hannu da ƙafa, ya sa tafin ƙafa zugi da raɗaɗi. AZT yana rage jini, ya baƙanta farce. Nebirafin yana feso ƙuraje, wani lokaci har fata ta saluɓe. Waɗanda suka ga haka da idonsu sun ba da labari, labarin kuma ya daɗe a baki bayan an sauya magungunan. Tun ƙarshen 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a janye d4T. A Yulin 2019 ta ce dolutegrabir ne ya kamata a fara da shi ga kowa, kuma shi ne ke cikin ƙwayar nan guda ɗaya da ake kira TLD, haɗe da tenofobir da lamibudin. Yana da nasa ciwon kan da rashin barci, amma bai kama ƙafar na da ba wajen wahalarwa. Kada ka ɗauki laifin maganin shekara 20 da suka wuce ka ɗora wa wanda ke hannunka.

Tunanin nan da ke zuwa maka, na cewa bari in huta wata biyu jikina ya sarara sannan in koma, likitoci sun riga ka yin sa. A garin nan ma suka gwada shi. Shirin PAC-CI, haɗin gwiwar likitocin Kodebuwa da na Faransa da ke da mazauni a asibitin Treichville, ya yi wani bincike da aka sa wa suna Trivacan. Niyyarsu mai kyau ce: ko za a rage wa mutane wahalar magani da tsadarsa. Aka raba marasa lafiya. Wasu suna sha ba fashi. Wasu kuma idan ƙwayoyin garkuwar jikinsu, waɗanda ake kira CD4, suka haura 350 sai a tsayar da maganin, in sun sauka ƙasa da 250 a mayar da su kai. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2006: masu hutawa sun kamu da manyan cututtuka fiye da ninki biyu na masu sha kullum, har dole ta sa aka rufe wannan ɓangare na binciken tun lokacinsa bai yi ba. Ka lura da kyau, ɗana. Waɗannan mutane ne da ake auna jininsu a kai a kai, likita na biye da su, in zazzaɓi ya taso a karɓe su nan take. Duk da haka hutun ya cuce su. Kai da za ka tsayar a ɓoye, a ɗakin haya, wa zai auna ka?

Bayan wannan, daga 2008 zuwa 2015, likitocin nan suka sake wani binciken mai suna Temprano a kan mutum 2,056 a cibiyoyin lafiya na Abijan. Suka gano cewa wanda ya fara magani da wuri, tun jikinsa da ƙarfi, haɗarin faɗawarsa cikin ciwo mai tsanani ko mutuwa ya ragu da kashi 44 cikin 100. Wannan yana cikin hujjojin da suka sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da cutar a fara ba shi magani, kada a jira ya kwanta. Duniya ta koyi wannan darasi daga jinin maƙwabtanka, a asibitin da daga Biyafara ba tafiya ba ce. Abin kunya ne a ce mutumin Brazil ya amfana da shi, ɗan unguwar kuma yana cewa ai ni lafiyata lau, me zan yi da magani mai sa ni jiri.

Wannan "lafiyata lau" ita ce tarkon. Maganin ba ya kashe cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi ya hana ta haihuwa. Ka janye shi, cikin 'yan makonni ta sake cika jini, kai kuwa ba za ka ji komai ba, wataƙila ma ka ji ka fi sakewa tunda jirin ya tafi. Kai jikan fataken goro ne, ka san huhu ba a mance shi a lungu: a kwance, a tsince, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Wanda ya ce ya gaji ya bar shi, daga waje huhun yana nan da kyaunsa, ranar da ya buɗe sai ya tarar sankara ta gama da shi. Mafi muni ma shi ne sha yau bari gobe, ko raba ƙwaya biyu wai don a rage mata ƙarfi. Idan magani ya yi ƙaranci a jini, cutar tana samun sararin sauya kama har ta daina jin sa. Daga nan sai a koma layi na biyu na magani, inda ƙwayoyin sukan fi yawa, wasunsu kuma, irin su lofinabir, sun shahara da sa gudawa. Wanda ya guje wa ɗan ciwon kai ya faɗa hannun abin da ya fi shi.

Akwai kuma abu biyu da suka shafe mu musamman a wannan yanki. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba. Tenofobir da lamibudin da ke cikin ƙwayarka suna danne shi shi ma, don haka tsayar da su kwatsam yana iya tayar da hantar da ke kwance, ido ya yi ɗorawa, a rasa dalili. Na biyu, a Kodebuwa akwai nau'in cutar iri biyu, HIV-1 da HIV-2, kuma na biyun ba ya jin efabirenz ko nebirafin ko kaɗan. Saboda haka kada ka ari maganin abokinka don naka ya ƙare ko don ka ji nasa ba ya sa jiri.

Amma ni na sani, kai ma ka sani, ba jiri kaɗai ke sa a ajiye magani ba. Mutumin da ke dakon buhu a kasuwar Adjamé cikin rana, ko yake tura amalanke tun asuba, ɗan tashin zuciya ba zai kayar da shi ba. Tonon asiri ake gudu. Gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da bayan gida ɗaya, wanda ya shiga sau biyar da safe kowa ya ƙirga masa. Samari biyar ne a ɗaki, kwalba ta yi ƙara a cikin jaka, wani ya ce maganin me kake sha kullum haka. Ƙurji ya fito a fuska, mai shayi ya dube ka sau biyu. Kuma yanzu labari ba ya jiran motar Yamai, kafin la'asar ya isa ƙauye ta WhatsApp, ya shiga kunnen uwa da surukai. Na fahimci wannan tsoro, domin mun ga yadda jama'armu ke janye kwano daga gaban wanda aka zarga. Sai dai ka yi lissafin da kyau. Gudawar sati biyu kowa na yinta a Abijan, ciwon kai kuwa ba ya da suna a goshi. Abin da ba ya ɓoyuwa shi ne ramar da ke zuwa bayan an daina magani, da tarin da ba ya ƙarewa, da farin baki, da kwanciyar da sai an yi karo-karo a masallaci a mayar da mutum gida. Mai shan maganinsa daidai, cikin kamar wata shida awon yawan cutar yakan nuna ta kwanta har na'ura ba ta ganinta, kuma wanda ya kai wannan matsayi ya tsaya a kai ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Idan rufin asiri kake nema, a cikin kwalbar yake.

Sai matsalar baki. Likita yana Faransanci, kai Hausa da ɗan Julancin ciniki kake da su, kuma ba ka son kai ɗan unguwa ya yi maka tafinta don kada ya ji sirrinka. Ya tambaye ka lafiya, ka gyaɗa kai ka ce lafiya, ka karɓi kwalba ka fito da damuwarka yadda ka shiga da ita. Mu Hausawa an tarbiyyantar da mu a kan kada a yi ƙorafi gaban babba, kuma a gaisuwa ko kana mutuwa lafiya lau za ka ce. Wannan ladabi ne a zaure. A ɗakin likita kuwa cutar kai ne. Ka nuna da hannu in ya kama: nan ke ciwo, ba na barci, kwana kaza ban sha ba. Kada ka ɓoye kwanakin da ka tsallake don tsoron faɗa, domin da su zai san ko maganin ne ya gaza ko shan ne bai cika ba. A cibiyoyin ba da magani akwai masu ba da shawara da ba likitoci ba, da yawansu su ma maganin suke sha, kuma ƙungiyoyi irin su Lumière Action sun daɗe a wannan aiki tun shekarun 1990. Ka nemi a haɗa ka da ɗaya. Ma'aikatan lafiya su ma ina da magana da su: wanda ya zo ya ce magani na damunsa aka ce masa ya yi haƙuri kawai ba a dube shi ba, an koya masa kada ya sake faɗa.

Inda na fi jin tsoro shi ne Roxy. Kowa ya san kasuwar maganin nan ta Adjamé, inda ƙwayoyi ke zube a faranti cikin rana. Ciwon jiki ya dame ka, ka je a haɗa maka diklofenak da ibufurofen ka yi ta sha. Tenofobir da ke cikin maganinka ta ƙoda yake fita, waɗannan kuma ƙoda suke gajiyarwa, ka haɗa mata kaya biyu. Maganin gyambon ciki mai kama da alli, in aka sha shi tare da dolutegrabir, riƙe shi yake yi a hanji ya hana shi shiga jini; ƙa'ida ita ce a sha dolutegrabir awa 2 kafinsa ko awa 6 bayansa. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya faɗa, domin ana iya rage masa adadi. Mai tarin fuka da aka ɗora a kan rifamfisin, a cibiyar tarin fuka ta Adjamé ko ta Treichville, shi ƙara masa dolutegrabir ake yi ya zama sau biyu a rana. Jiƙe-jiƙen sauyoyi kuwa, kada mu yi wa juna ƙarya, 'yan'uwanmu ne ke shimfiɗa su a bakin titi, kuma ba na cewa duk na banza ne. Amma wanda ya ce maka yana da na wanke sida daga jini, ka ajiye na asibiti, kuɗinka yake so, kuma ba shi zai yi jinyarka ba.

Ba kowace damuwa ake jira ta wuce ba. Ƙuraje tare da zazzaɓi, ko baki da ido su yi gyambo, ko fata ta fara tashi. Ido ko fitsari ya yi ɗorawa. Fitsari ya ragu ƙafa ta kumbura. Aman da ba ya barin komai a ciki. Ko baƙin ciki ya rufe ka har ka fara tunanin hallaka kanka. Ɗaya daga cikin waɗannan ya same ka, ranar za ka tafi asibiti, kada ka jira ranar da aka rubuta maka a kati. Akwai kuma wanda a watannin farko zazzaɓi da tari ko kumburin wuya ke taso masa, ya ce maganin ne ya jawo. Sau da yawa garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta tarar da tsohon ciwo a kwance, galibi tarin fuka, ta kama faɗa da shi. Wannan ma a asibiti ake warware shi, ba a daina magani a gida.

'Yata, naki ya fi nauyi, na sani. Laulayi na gefe, magani na gefe, ba ki san wanne ke sa ki amai ba, ga miji wataƙila bai sani ba. Ki riƙe wannan: maganin da kike sha shi ne katangar da ke tsakanin cutar da abin da ke cikinki, da cikin da haihuwa da shayarwa duka. A 2018 wani rahoto daga Botswana ya tayar da hankali cewa dolutegrabir na iya taɓa lakar jariri, amma da aka ci gaba da bibiya aka ga abin bai kai yadda aka ji tsoro ba, shi ya sa aka amince da shi har ga masu ciki. Maganin ƙarin jini da ake ba ki a awo yana da sinadarin ƙarfe, shi ma yana iya riƙe dolutegrabir in an sha su tare ciki babu abinci, don haka ki tambayi ungozoma yadda za ki tsara su. In kina cin farar ƙasa, kamar yadda mata da yawa ke yi a Abijan, ki faɗa mata kada ki ji kunya.

Ƙiba ma ta shigo cikin lissafi. Bincike a Yawunde da Johannesburg da aka wallafa a 2019 ya nuna masu shan dolutegrabir sukan ƙara nauyi, mata sun fi. A wurinmu wanda ya yi kumari barka ake yi masa, har a ce Abijan ta karɓe shi, saboda haka ba kasafai ake ƙorafi ba. To a riƙa auna hawan jini da suga, a sassauta wa aloko, soyayyar ayabar nan, da sukarin shayi.

Azumi ba hujja ba ne. Mai ƙwaya ɗaya a rana ya je tun cikin Sha'aban a mayar masa da lokacinta bayan buɗa-baki ko sahur, ya tsaya a kan lokaci ɗaya. Wanda nasa sau biyu ne ko jikinsa ya yi rauni, ya tambayi likita ya tambayi malami, addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Tafiya gida da damina ma haka. Wanda jikinsa ya daidaita ana iya ba shi na wata uku har zuwa shida, kuma ana rubuta takardar da za ka kai asibitin gwamnati a Nijar ko Najeriya, inda su ma kyauta ake bayarwa. Ka sa kwalbar a aljihunka, kada ka sa ta cikin kayan da aka ɗaure a saman mota.

Ku kuma masu gidaje da limamai da shugabannin zango, yaron da ya sauka a hannunku amana ce. In kun ga yana shan magani kullum, ku kama bakinku, ku tuna masa in ya manta. Matar da mijinta ya gaya mata, da mijin da matarsa ta gaya masa, ku je a auna ku, ku zama masu tashin juna lokacin sha. Mutum ɗaya da ya san sirrinka yake kuma tsaya maka yana rage rabin nauyin.

In kuwa ka riga ka ajiye, wata ɗaya ne ko shekara, kada kunya ta hana ka komawa. Ba kai ne na farko ba, kuma ba a korar kowa. Kada ka ci gaba da tsohuwar kwalbar a kan ra'ayin kanka. Ka ɗauke ta da katinka gobe da safe, ka koma inda aka fara ba ka, ka faɗi ranar da ka daina da abin da ya sa ka daina, a auna jininka da ƙodarka a ga wanda ya dace da kai yanzu. Allah ya ba ka lafiya, ya rufa mana asiri baki ɗaya.